Yadda ake auna tunanin wanda ya bugu a ka a Ingila, da abin da muke tsallakewa a gida

Assalamu alaikum 'yan uwa. A gida, idan mutum ya yi haɗari ya bugu a ka, da zarar ya farfaɗo daga dogon suma, ya gane iyalinsa, ya taka da ƙafarsa, sai a yi hamdala a ce ya warke. A nan Ingila daidai nan ne wani aikin yake farawa. Tiyata da hoton ƙwaƙwalwa likitocinmu na gida sun iya. Abin da ya yi mana ƙaranci shi ne awon da ke biyo baya, kuma rashinsa yana cutar da gidaje da yawa.

Da ma'aunin Glasgow, wanda Teasdale da Jennett suka fitar a 1974, ake sanin tsananin rauni: maki 3 zuwa 15 ne, 8 zuwa ƙasa shi ne mai tsanani. Irin wannan bugu yakan taɓa gaban ƙwaƙwalwa, bayan goshi, inda ikon tsara aiki, sauya dabara da kame kai yake. Za ka ji mutum yana magana tsaf, amma ya ƙarar da albashinsa rana ɗaya, ko ya fara aiki uku bai gama ko ɗaya ba. Sai a ce ya lalace, alhali ciwo ne.

Ba a fara gwaji sai ruɗewar da ke bin suma ta washe, wato ya soma riƙe abin da ya faru jiya. Masanin halayyar ƙwaƙwalwa ne yake yi, kuma yakan raba zaman kashi-kashi, domin gajiya, ciwon kai, rashin barci da maganin farfaɗiya duk suna rage maki. A ƙarƙashin NHS, wato tsarin kiwon lafiya na gwamnati, mazaunin ƙasa ba ya biya, sai dai jiran layi yakan yi tsawo.

A gwajin Wisconsin ana jera kati huɗu a gabansa, a miƙa masa wasu ya dinga ajiye kowanne inda ya dace, ta launi ko siffa ko adadi. Ba a faɗa masa ƙa'idar, "daidai" ko "kuskure" kawai zai ji. Idan ya dace sau 10 a jere, sai a sauya ƙa'idar shiru. Mai lafiya zai lura ya canza hanya. Mai raunin goshi zai ci gaba da bin launi, har wani ya faɗa da bakinsa cewa ya san ba haka ba ne, hannunsa kuma ya sake kai katin wurin. Wannan nacin ake ƙirgawa. Akwai kuma na Stroop, inda aka rubuta "ja" da koren tawada, a ce ya faɗi launin tawadar, da na haɗa lamba da harafi bi da bi ana duba agogo.

Sai dai ɗakin gwaji shiru yake, mai gwajin ne ke cewa fara, tsaya. Ya ɗauke wa majinyaci aikin da ake son aunawa ke nan. A 1991 Shallice da Burgess sun nuna majinyata uku masu kyakkyawan maki a tebur, da aka tura su sayayya a titi da 'yan ƙa'idoji sai suka rikice. Shi ya sa ake ƙarawa da wani jerin gwaje-gwaje mai suna BADS na 1996, wanda a ciki ake ba mutum ayyuka shida ya raba musu minti 10 da kansa. Yana tafe da tambayoyi 20 da majinyaci zai amsa, wani na kusa da shi ma ya amsa daban. Idan shi ya ce lafiya lau, matarsa ta ce a'a, tazarar tana nuna bai san halin da yake ciki ba.

Kada a ɗauko takardun nan a auna Bahaushe da su kai tsaye. Gwajin jero kalmomi masu farawa da F, A da S cikin daƙiƙa 60 kowanne a kan masu Turanci aka daidaita makinsa, kuma wanda bai yi boko ba, zai faɗi gwajin haruffa ko da lafiyarsa ƙalau. Abin da za a iya ɗauka yau shi ne shaidar mai kula da majinyaci: ya rubuta abin da ya gani na mako biyu, da rana da lokaci, ya kai wa likitan ƙwaƙwalwa kafin a mayar wa majinyaci makullin mota. A nan Ingila dole ne a sanar da hukumar DVLA mai ba da lasisin tuƙi, kuma yawanci sai bayan wata 6 zuwa 12 ake duba batun komawarsa tuƙi.