Wata uku da tura STOP zuwa 2442 daga wayar Hajiya

Hajiyarmu ajami take karantawa, ba ta karanta boko. Duk saƙon da ya shigo ƴar wayarta mai tocila, sai ta jira in dawo daga kasuwa in karanta mata, tana sa ran ko yayarmu ce daga Kaduna. Ranar da na zauna na duba wayar a tsanake, na tarar akwatin saƙo ya cika maƙil da talla: cacar ƙwallo, waƙar kira, gasar cin mota. Har ya kai sabon saƙo ba ya samun wurin shiga. Abin ya dame ni ƙwarai, domin tsohuwa ce, ko cikin dare wayar ta yi ƙara sai gabanta ya faɗi.

Maƙwabcina na shago ne ya tuna mini da 2442, lambar tare saƙonnin talla da Hukumar Kula da Harkokin Sadarwa ta Najeriya, NCC, ta fito da ita a 2016 ta kuma wajabta wa kamfanonin layi duka. Kalmar STOP kawai za ka rubuta ka tura, ba a cire ko sisi. Wanda ba ya so a rufe komai da komai, sai ya tura HELP, a aiko masa da jerin fannoni irin su banki, lafiya, ilimi, wasanni da addini, ya zaɓi wanda zai riƙa shigowa. Na Hajiya dai na rufe gaba ɗaya.

Ya yi aiki, kuma na yaba. Tallan ya ɗauke, wayar ta yi shiru, alat ɗin banki kuwa yana shigowa kamar da. Abin da ya fi burge ni shi ne ba ya buƙatar data ko babbar waya, wanda ke ƙauye ma zai iya.

Sai dai kada mutum ya ɗauka ya rabu da ƴan damfara. Wannan tsari masu talla ta hanyar kamfanin layi yake tarewa, shi kuwa ɗan damfara da layinsa na kansa yake turo saƙo, kamar ni da kai. Makon jiya wani ya kira Hajiya, wai daga banki yake, za a rufe asusunta in ba ta karanto masa lambobin jikin katinta ba. Allah ya taimaka ta ce masa, "Bari yaron nan ya dawo." Da na dawo na ce, "Hajiya, banki ba ya tambayar lambar sirri a waya. Duk wanda ya nema, ki kashe kawai." Na toshe lambar da hannuna.

Akwai kuma 622, layin NCC na kai ƙorafi kyauta idan kamfani ya ƙi sauraronka, amma har yanzu buƙatarsa ba ta taso mana ba. Ranar Juma'a Baffa ya aiko da tasa wayar, shi ma na tura masa STOP ɗin zuwa 2442.