Kunna Kwaikwayo ko Bin Zane da Ido: Gano Matsala a Zanen Lissafi na SysML

Injiniyan da ke tsara wutar sola ga wani shago a Kantin Kwari da SysML, harshen zane na tsara ayyukan injiniya wanda ƙungiyar tsara ƙa'idojin manhaja ta OMG ta fitar a 2007, zai iya tarar da zanen ƙa'idojin lissafinsa ya ƙi ba da amsar da ta dace, kuma hanyoyi biyu ne a gabansa.

Ta farko ita ce kunna kwaikwayo, wato sa kwamfuta ta gwada lissafin zanen, misali da manhajar Cameo Simulation Toolkit, a zuba ƙimomi a ga inda lissafin ya cije. Tana da sauri, kuma tana tona sunan da aka rubuta a cikin lissafi saɓanin yadda yake a jikin akwatin ƙa'idar, wato akwatin da ke ɗauke da lissafin a zanen.

Ta biyu, bin zanen da ido, ta fi cin lokaci, amma ita na fi amincewa da ita. Layin ɗauri, wato layin da ke haɗa ƙimomi a zanen, yana nufin ƙimomi biyu daidai suke ne kawai, ba ya nuna mai shiga da mai fita. Idan aka ɗaure ƙarfin faifan sola da wat alhali lissafin yana jiran kilowat, manhajar tana iya fitar da lamba mai kyan gani wadda ta ninka gaskiya sau 1000, kuma sai mai bin kowane layi yana duba ma'auninsa zai kama wannan kuskure kafin a sayi kaya.