Wanne za ka fara kallo cikin finafinan 'yan fashin Amurka na shekarun 1930?

In datarka ba ta da yawa ko kuɗin tura fim ɗaya kawai gareka, to ka tsaya ka zaɓa da kyau, don finafinan nan duk kamarsu ɗaya a fosta, hula malafa da bindiga da tsohuwar mota, amma cikinsu ba ɗaya ba ne ko kaɗan. Zamanin da suke nunawa shi ne bayan karayar tattalin arzikin 1929, lokacin da dubban bankuna suka rushe da kuɗin mutane a ciki, shi yasa talaka yake jin daɗi in yaji an fasa banki, har wasu ɓarayin suka zama kamar jarumai a jarida.

Ni dai wanda zan fara miƙa maka shi ne Public Enemies na 2009, wanda Michael Mann ya bada umarni. An ɗauko shi daga littafin ɗan jarida Bryan Burrough na 2004, kuma littafin bincike ne ba ƙagaggen labari ba, mutumin ya zauna ya tona takardun hukumar binciken laifuka ta Amurka, FBI. Johnny Depp ne ya fito a ɗan fashin banki John Dillinger, Christian Bale kuma jami'in da ke farautarsa Melvin Purvis. Abin da ya burge ni shi ne sun je ainihin wuraren suka ɗauka, gidan yarin Crown Point a Indiana inda Dillinger ya gudu da bindigar katako a watan Maris 1934 ya haɗa da motar shugabar 'yan sandan yankin, da masaukin Little Bohemia a Wisconsin inda aka yi ta ɓarin wuta cikin dare, sai kuma ƙofar silimar Biograph a Chicago inda aka harbe shi ranar 22 ga Yuli 1934 yana fitowa daga kallo. Ƙarar bindigar fim ɗin ma daban take wallahi, sa abin kunne in zaka kalla a waya.

Amma fa kar ka ɗauke shi a matsayin darasin tarihi. A fim an kashe ɗan fashi Pretty Boy Floyd tun farko, an kashe ɗan fashi Baby Face Nelson kafin Dillinger, alhali a zahiri shi ya riga su mutuwa, Floyd sai Oktoba ya mutu Nelson kuma Nuwamba. Wannan ya ɗan ɓata min rai don littafin ya jera komai daidai. Kuma an ɗauke shi da kyamarar dijital, wasu basa son yadda hoton yake fitowa tas kamar na jiya, ga shi ya kai awa biyu da minti ashirin.

Bonnie and Clyde na 1967 kuwa tsohon hannu ne, Warren Beatty da Faye Dunaway, har Oscar biyu yaci. Ba daga littafi ɗaya aka ɗauko shi ba, kuma ya ƙawata 'yan fashin nan biyu, Bonnie da Clyde, da yawa, ya maida su masoya masu ban tausayi bayan ƙungiyarsu ta kashe jami'an tsaro da fararen hula, sannan ya wulaƙanta Frank Hamer wanda ya jagoranci kwanton ɓaunar da aka musu a Louisiana ranar 23 ga Mayu 1934, har matarsa ta kai kamfanin fim ɗin ƙara aka sasanta a wajen kotu. In kana son tarihin silima ka kalla, in kana son gaskiyar labari ba nan bane.

Wanda ya gyara wannan ɓarnar shi ne The Highwaymen na 2019 a Netflix, Kevin Costner a Hamer da Woody Harrelson a abokin aikinsa Maney Gault, dattijai biyu suna bin sawu a mota. A hankali yake tafiya, mai son harbe-harbe kowane minti biyar zai yi gyangyaɗi, amma ni yafi kwanta min a rai ta wani ɓangaren don ya nuna gawar waɗanda aka kashe, bai ɓoye ba, kuma da kyar ma zaka ga fuskar Bonnie da Clyde sai can ƙarshe. Duk wanda fashi ya taɓa shafar gidansu zai gane me nake nufi.

Sai Lawless na 2012, Tom Hardy da Shia LaBeouf, 'yan uwa uku masu dafa giyar sumoga a Virginia. Daga littafin Matt Bondurant ne jikan ɗayansu, amma ƙagagge ne aka gina kan labarin dangi, kuma jini yayi yawa a ciki, kar ka kunna shi gaban yara.

To in ɗaya zaka iya, ɗauki Public Enemies. In da hali ka haɗa da The Highwaymen ka kalle su a jere, sannan in turancinka ya zauna ka nemi littafin Burrough, don a can ne zaka samu labarin gungun 'yan fashin Barker da Alvin Karpis da su Bonnie da Public Enemies ya tsallake kusan gaba ɗaya.