Mai cire ƙararrawar ɓarayi a Bauchi: aiki ya yi, amma ka shirya jira

Wallahi da na san haka abin yake da tun ranar da na karɓi makullin shagon nan na Yelwa na sa an cire ta. Wanda ya zauna kafin ni kemis ya buɗe, shi ya saka ƙararrawar ɓarayi, da zai tashi ya kwashe kayansa ya bar mana ita ba lambar kashewa ba komai, wayarsa ma ba ta shiga. Ni kuma tela ne, keke uku da dutsen guga, ina ni ina jiniya.

Da an ɗauke wuta ta fara ƙara kenan tsit tsit, in dare ya raba kuma sai ta saki jiniya gaba ɗaya. Ran nan ƙarfe 2 na dare aka buga min waya, na zo na tarar ƴan sintiri sun zagaye shagon da tocila da gora, muka buɗe ba kowa sai ɗinkin mutane. Washegari ƙanina ya ce Yaya bar ni da ita, ya hau benci ya datse wayar da filaya. To nan ne muka ga ta kanmu, ashe jiniyar waje batirinta daban ne, kana yanke waya ta ɗauka ɓarawo ne, ta yi ta ihu kusan minti 20 mai shayin gefenmu yana ta Allah ya isa.

Shi ne aka haɗa ni da wani yaro mai harkar kyamara da sola wajen Wunti. Abin da ya fara burge ni, kafin ya taɓa komai cewa ya yi Malam mai shagon ya sani? sai da na kira Alhaji ya ji amincewarsa da kunnensa. Ya buɗe akwatin da ke bayan ƙofa ya nuna min batir mai 12V ya kumbura kamar burodi, ya ce irinsu shekara 3 zuwa 5 suke yi, da zafin Bauchi ma ba sa kaiwa, kuma in batirin ya mutu duk ɗauke wuta sai na'urar ta rikice. Akwai kuma ɗan makunni a jikin murfin da ke tada jiniya in an buɗe, shi ya sa kafin ya buɗe akwatin ya fara hawa tsani ya cire batirin jiniyar, ya sauko ya zare fiyus, sannan babban batir. Shiru. Ko awa ɗaya bai yi ba.

Ya so in bar maganaɗisun ƙofa, masu sanar da na'urar in an buɗe ƙofa, ya sa sabon batir ya canza min lamba, na ce a'a na ƙoshi, kuma bai matsa ba, ya tattara komai a kwali ya ce in kai wa Alhaji tunda ba nawa ba ne.

Inda ya ɓata min rai lokaci ne, ya ce bayan azahar sai ga shi gab da magariba, ba ko a yi haƙuri. Ramukan kusa kuma haka ya bar min su a bango wai aikin mai fenti ne, har yanzu kalanda na rataya a kan babban.