Tsohuwar amfilifaya na zafi: fanka za ka saya, ko man sanyaya, ko sababbin turanzista?

Duk wanda ya taɓa kaɗa jita da amfilifayar Roland JC-120, wadda ta fito a 1975, ko Peavey Bandit ta farkon shekarun 1980, ya san abin da ya sa makaɗa ba sa son rabuwa da su: sauti tas, ga jure wahalar hanya. Sai dai sau da yawa idan aka gyara irin wannan amfilifaya mai turanzista, takan dawo da zafin da ba a san ta da shi ba, kuma shawarar farko da za ka ji a shago ita ce a saka fanka. A ganina fanka ce ya kamata ta zo ƙarshe a cikin abin da za ka kashe wa kuɗi.

Kafin ka sayi komai, gano inda zafin yake. Kunna ta, rage ƙara gaba ɗaya, ka bar ta minti 15. Idan farantin alminiyom da aka ɗaure manyan turanzista a kai ya yi ɗumi kawai, lafiya lau. Idan kuwa ba ka iya barin yatsa a kansa na 'yan daƙiƙoƙi alhali ba a kaɗa komai ba, ya doshi digiri 60, kuma cutar tana ciki. Idan sai an ɗaga murya take zafi, duba sifika. Idan taransifoma ce ke ƙuna, duba wutar da kake ba ta.

Mafi arha, kuma mafi yawan amfani, shi ne man sanyaya da 'yar takardar da ke tsakanin turanzista da faranti. A turanzista mai gidan ƙarfe irin 2N3055, gidan kansa yana ɗauke da wuta, don haka ba a yarda ya taɓa faranti kai tsaye, amma kuma dole zafinsa ya ratsa. Kwance guda ɗaya a amfilifayar da ta shekara 40 ka gani: farin man ya bushe ya zama kamar alli, yana farfashewa a ƙarƙashin farce, takardar, wadda ta wani siririn ma'adini ce da ake kira maika, ta tsage daga gefen ramin kusa. Nan zafin ke maƙalewa. Zaɓi biyu ne a kasuwa. Maika da farin mai na silikon shi ne tsohon tsari, kuma har yanzu ya fi yawancin robobin silikon masu arha isar da zafi. Roba ta fi tsabta da saurin ɗaurawa, ba ta buƙatar mai, amma takan bar turanzista ya fi zafi, kuma idan an matse ta sau ɗaya ba a sake amfani da ita. Ga wanda zai yi wasa a filin biki a Kano ko Agadas cikin bazara, iska kanta ta haura digiri 40, ni maika da mai zan ce ya saya. A shafa man siriri, har ana hango ƙarfe ta cikinsa, domin lafta shi da yawa hana zafi wucewa yake yi. Man kwamfuta mai ɗauke da garin azurfa ba wurinsa ba ne, shi kuwa mai ruwan ƙarfe cinye alminiyom yake yi. Bayan ɗaurawa a sa mitar gwajin wuta a tabbatar babu haɗi tsakanin gidan turanzista da faranti.

Na biyu ba kaya ba ne, aikin hannu ne, kuma shi ya cancanci ka biya mai gyara da kyau: saitin bayas, wato 'yar wutar da ke bi ta manyan turanzista ko ba a kaɗa komai. Turanzistan silikon yana da wani hali: duk digiri ɗaya da ya ƙaru, wutar da ake buƙata don buɗe shi tana raguwa da kusan milibolt 2. Ya yi zafi, ya ƙara jan wuta, ya ƙara zafi, haka har ya ƙone. Shi ya sa masu ƙera ta suka manna ƙaramin turanzista ko dayod a jikin faranti don ya riƙa jin zafin yana rage wutar. Sau da yawa mai gyara kan kwance wannan ɗan abu ya bar shi yana reto a iska, amfilifaya ta yi sati tana aiki, sannan ta mutu a tsakiyar taro. Ka ce masa, "Malam, a gwada mini bayas a gabana." Ana auna shi a kan ƙananan rizista, masu taƙaita gudun wuta, na om 0.22 zuwa 0.47 da ke ƙafar turanzista. Milibolt 10 a kan om 0.33 yana nufin kusan miliamf 30. A bi adadin da kamfanin ya rubuta a zanen na'urar, a kuma sake aunawa bayan ta ɗumama.

Sayen turanzista shi ne inda aka fi tafka asara. A takarda 2N3055 na ɗaukar bolt 60, amf 15, wat 115, amma wat 115 ɗin sai idan gidansa na kan digiri 25. Idan gidan ya kai digiri 100, abin da ya rage bai wuce wat 66 ba. MJ15003 na ɗaukar bolt 140, amf 20, wat 250, kuma gidansu ɗaya, shi ya sa da yawa ke maye gurbi da shi. Sai dai a fahimta, babban turanzista ba ya rage zafin da amfilifaya ke fitarwa, jurewa kawai ya fi yi. Kuma 2N3055 na yanzu ba irin ƙirar kamfanin RCA ta shekarun 1960 ba ne, ya fi sauri, don haka a wasu tsofaffin zane yakan shiga kaɗawa da sautin da kunne ba ya ji, faranti ya yi ta zafi ba dalili. Ga kuma jabu: an buga suna mai kyau a waje, a ciki ɗan ƙwayar silikon ne ƙarami. Idan rubutun na gogewa da yatsa, ko farashin ya yi arha fiye da hankali, bar shi. Na gwanjo da aka ciro daga tsohuwar na'ura aka gwada ya fi sabon da ba a san asalinsa ba. Idan na asalin suna da rai, kar a taɓa su. Idan ɗaya ya ƙone, a canza su gaba ɗaya a wannan layi, a duba ƙananan da ke tura su.

Batun wuta ya shafe mu sosai, saboda yawancin waɗannan kayan na gwanjo ne. Ta Amurka an yi ta don bolt 120, ta cikin gida Japan bolt 100, mu kuwa 220 zuwa 230 muke da shi. Taransifomar rage wuta da za ka saya ta ninka wat ɗin da aka rubuta a bayan amfilifaya, kuma kar a ba wa ta Japan bolt 120. Sannan wutar Amurka tana juyawa sau 60 a daƙiƙa, tamu sau 50, abin da ke sa taransifomar cikinta ta fi ɗaukar zafi ko da komai daidai yake. Mai aiki da janareta ya haɗa da sitabilaiza.

Sifika kuwa lissafi ne kawai. Biyu masu om 8 a haɗe gefe da gefe, wato kowace wayoyinta na zuwa amfilifaya kai tsaye, sun zama 4, huɗu sun zama 2. Kar a sauka ƙasa da abin da aka rubuta a baya. Manyan kondensa, masu tara wuta, idan za a canza, a ɗauki masu digiri 105 a kan masu 85, domin duk ƙarin digiri 10 yana raba kwanansu biyu. Suna riƙe wuta bayan an kashe, a sauke ta kafin a sa hannu.

Idan an gama duk wannan, fanka na da amfani, musamman ga mai dogon wasa a waje. Irin wannan amfilifaya ta fi fitar da zafi a kusan kashi 40 cikin 100 na ƙarfinta, wato kusa da inda makaɗi ke wuni. Fankar kwamfuta mai bolt 12 da faɗin milimita 80 ta isa, a ba ta wutarta daban don kar ƙugi ya shiga sifika, a sa ta huro kan faranti. Kuɗinta na ɓoye shi ne ƙura: a hunturu za ta cika haƙoran faranti cikin 'yan makonni, sai an riƙa sharewa da buroshi.

Akwai masu cire sashen ƙarfin gaba ɗaya su saka ƙaramin allo na zamani mai ajin D, wanda zafinsa kaɗan ne. Ga amfilifayar haya da allonta ya riga ya ƙone ƙurmus, wannan mafita ce mai kyau. Ga JC-120 ko tsohuwar Peavey mai lafiyar allo ba zan ba da shawarar ba, domin darajarta za ta faɗi, kuma yadda take amsa jita idan an matsa mata zai canza. Kowanne ka zaɓa, kar ka biya sai an kaɗa ta minti 30 a rufe cikin akwatinta, da sifikar da za ka yi aiki da ita, ka taɓa farantin da hannunka.