Kafin Ka Sayi Kwamfutar Tebur Ta Hannu, Ka Fara Leƙa BIOS

Duk wanda ya shiga Beirut Road a Kano ko Computer Village a Legas neman kwamfutar tebur, abu uku yake tambaya: furosesa, RAM da girman ma'ajiya. Mai shago ya nuna masa sitika a jikin akwati, a kunna, Windows ta taso, a yi ciniki. Ni a ganina ba nan ya kamata a fara ba. Akwai wata 'yar manhaja da ke zaune a kan madabod, wato babban allon da ake jona duk kayan cikin kwamfuta a kansa, wadda take farkawa tun kafin Windows, ana kiranta BIOS, sabon tsarinta kuma UEFI. Ita ke ƙirga RAM, ta gane faifai da kibod, sannan ta miƙa wa Windows ragama. Sitika kowa na iya liƙawa, ita kuwa abin da ke cikin akwatin take karantowa.

Kwamfutocin ofis da ake shigo da su sun kasu kusan gida uku.

Na farko tsofaffin nan ne masu araha, irin Dell OptiPlex 7010 da 9020, masu furosesar Intel ƙarni na 3 da na 4. Suna da UEFI, amma sau da yawa za ka tarar an bar su a tsohon tsari da ake kira Legacy, wanda ke tafiya da rabon faifai na MBR, shi kuwa ba ya amfani da abin da ya haura kimanin terabait 2. Ba su da gurbin ma'ajiyar NVMe mai sauri. Duk da haka ban raina su ba. Ga mai shagon buga takardu ko makarantar koyon kwamfuta, a sa musu SSD na SATA su yi aiki lafiya. Kuma suna da wani abu da sababbi da yawa suka rasa: kafar siriyal ta jona tsofaffin na'urori, da kafar PS/2 ta tsohon kibod da maus.

A nan ne maganar katsewa ta shigo. Idan ka danna harafi, kibod ba ya jiran furosesa ta waiwayo shi, sai ya aika sigina, kamar yaro ya ja wa babansa riga yana tsakiyar hira. Furosesa ta dakata, ta biya masa buƙata, ta koma kan aikinta. A tsohon tsari layukan wannan sigina, wato IRQ, guda 16 ne kacal: na 0 na agogo, na 1 na kibod, na 4 na kafar siriyal ta farko. Idan na'ura biyu suka hau layi ɗaya sai rikici, kwamfuta ta sandare. Sababbin tsare-tsaren raba wannan sigina, APIC da MSI, sun kashe wannan matsala tuntuni, don haka mai saye a yau ba sai ya damu ba. Sai fa wanda ke da tsohuwar na'ura mai kafar siriyal, kamar injin yanka sitika ko na'urar ɗakin gwaji. Irin wannan ya nemi kwamfuta mai kafar ta asali, wadda zai iya ganin saitinta a BIOS, domin wayar da ke juya USB zuwa siriyal ba kullum take jituwa da tsofaffin na'urori ba.

Gida na biyu shi ne ya fi yaudarar ido: ƙarni na 6 da na 7, irin OptiPlex 7040 da 7050 ko HP EliteDesk 800 G2 da G3. Suna da sauri, kuma da yawansu na karɓar NVMe. Matsalar ita ce jerin furosesocin da Microsoft ta amince wa Windows 11 ya fara ne daga ƙarni na 8 na Intel, kuma tallafin Windows 10 ya ƙare ranar 14 ga Oktoba, 2025. Za ka ga an ɗora musu Windows 11 ta bayan gida, tana aiki kuwa, amma babu alkawarin sabuntawa. Kada a sayar maka da su a kuɗin na gaba.

Na uku, ƙarni na 8 zuwa sama: OptiPlex 7060, EliteDesk 800 G4, Lenovo ThinkCentre M720. Suna da TPM 2.0 da Secure Boot, matakan tsaro biyu da Windows 11 ke nema. In aljihu zai iya, nan nake ba da shawara. Amma wanda aikinsa ya dogara da manhajar da sai a Windows 7 ya yi hattara, don Windows 7 kan buƙaci tsarin Legacy, Intel kuwa ta janye tallafinsa daga 2020.

Ko wanne ka zaɓa, ka ce wa mai shago, "Alhaji, a ba ni dama in shiga BIOS." A Dell ana danna F2 da zarar an kunna, a HP F10, a Lenovo F1. Ka duba sunan furosesa da yawan RAM, ka gwada lambar shaidar kwamfutar mai harafi 7, wato Service Tag, da wadda ke jikin akwatin Dell. Idan sun saɓa, an canza madabod, sai ka nemi bayani. Idan aka tambaye ka kalmar sirri kuma mai shago bai san ta ba, ka ajiye ta ka duba wata, domin kamfanin da ya yi amfani da ita ne ya kulle, kuma buɗewa a sababbi wahala ce. Kwanan wata da ya koma baya kuwa ƙaramin abu ne, batirin CR2032 ne ya mutu, ka sa a canza maka a nan take.

Sai batun wuta. A Dell akwai saitin AC Recovery, wanda ke sa kwamfuta ta kunna kanta idan an dawo da wuta. Ni kashe shi nake yi, don wutar farko kan zo da ƙarfi ko tana rawa. Sabunta BIOS kuma kada ka taɓa yin sa sai kwamfutar na kan UPS ko inbata mai caji, domin in aka ɗauke wuta ana tsakiyar rubutawa, tana iya ƙin tashi gaba ɗaya.