Kumburin babbar jijiya: kayan motsa jikin da za ka saya da waɗanda za ka bari

Wanda hoton asibiti ya nuna babbar jijiyar jininsa da ta taso daga zuciya ta kumbura ba a ce ya kwanta ba. Abin gudu shi ne jini ya hau lokaci guda, kamar yadda yake yi idan mutum ya riƙe numfashi ya yunƙura zai ɗaga nauyi, domin wannan matsin bangon jijiyar yake bugu. A ɓangaren jijiyar da ya ratsa ciki, daga faɗin santimita 3 ake kiransa kumburi, a wajen 5.5 kuma ake fara maganar tiyata ga maza. Ka ji girman naka daga bakin likita kafin ka shiga kasuwar Sabon Gari a Zariya.

Fara da na'urar awon hawan jini. Ta dantse ta fi ta wuyan hannu gaskiya. Auna dantsenka da tef ɗin tela: maɗaurin da aka saba sayarwa na santimita 22 zuwa 32 ne, in ya yi maka kaɗan zai riƙa nuna lamba sama da ta gaskiya. Ka zauna minti biyar kafin awo. Galibi ana so a tsaya ƙasa da 130/80.

Sai takalmin tafiya mai laushin ƙasa, ko na gwanjo ne. Tafiyar minti 30 bayan asuba, da saurin da za ka iya hira ba tare da haki ba, ita ce mafi araha.

Tsakanin keken ɗaka da injin gudu kuwa, keken ya fi dacewa da Zariya. Ba ruwansa da wutar lantarki, injin kuwa in aka ɗauke wuta kana kai sai ya tsaya cak. Keke mai majinginar baya ya fi wa dattawa. Kafin ka biya, hau ka murza maɓallin nauyin zuwa ƙasa. Tsofaffin kekuna kan cije a mataki mai ƙarfi, sai ka ga kana danne numfashi kana tura feda, abin da ake gudu ke nan.

Agogon ƙidayar bugun zuciya bai zama dole ba. Mai shan maganin hawan jini irin atenolol ko bisoprolol bugunsa ba ya tashi sosai, agogon sai ya ruɗe shi ya ƙara wuta.

Ƙarafan ɗagawa, da na siminti da samari ke zubawa a gwangwani, ka bar su a inda suke. Robar ja mai laushi sai likita ya amince, a ja ta ana fitar da numfashi. Ka kuma guji ɗaukar jarkar ruwa mai lita 25, kilo 25 ce cur, da buhun masara da tura mota.

Ciwo mai tsanani da ya zo farat ɗaya a ƙirji, baya ko ciki, ko jiri har da suma, ba a jiran safiya da shi. A wuce asibitin koyarwa na Shika, kuma wani ya ja motar.